Yadda zaka bi sawun kudin haraji a Zariya, tun daga aljihunka har kwatan kofar gidanku

Shekaran da na bude dan shagona na kayan waya, cikin wata uku sau hudu ana zuwa karban kudi a wajena, kowa da kalan takardansa, wani yace kudin shago, wani yace kudin allon da na kafa, wani yace na shara, ni kuma sabon shiga ina tsoron kar a rufe min waje sai in ciro in mika a yago min wata 'yar takarda mai tambari in jefa a durowa. Ranan da takardan haraji ta gaske ta zo daga hukuma na kwashe wadancan takardun na tafi dasu ofishinsu da karfin gwiwa, aka duba aka ce babu ko daya da ta shiga asusu. Da na kai kuka wajen kawuna wanda yayi aikin karamar hukuma har ya ajiye, dariya ya dinga yi har da tari, yace "kai yaro ai sadaka kayi, Allah ya karba." Nace Kawu yanzu ya zanyi, yace in zauna. Mafi yawan abinda zan fada anan daga wannan zaman na fara koyonsa, sauran kuma bin diddigi ne nawa na kaina.

Abu na farko da zaka cire a ranka shine wai akwai wani abu guda daya mai suna gwamnatin Zariya. Garin nan da muke gani a dunkule, daga Kofar Gayan har Samaru, a takarda a rabe yake. Cikin birni da Tudun Wada da Gyallesu da Tukur-Tukur duk karamar hukumar Zariya ne mai gundumomi 13, Sabon Gari kuma da Muchia da Chikaji da Hanwa da Samaru da Basawa suna karkashin karamar hukumar Sabon Gari mai gundumomi 11. A saman su akwai jihar Kaduna mai kananan hukumomi 23, a saman ta kuma tarayya. To masu rike da ludayin kudin da ke aiki a garin nan su uku ne, karamar hukuma da jiha da tarayya, kuma kowa da nasa aikin. Wanda bai san wannan ba shine zaka ga yana zagin ciyaman akan hanyan Kaduna zuwa Kano alhali titin na tarayya ne, ciyaman ko tsakuwa daya bashi da ikon zubawa a kai.

Tukunya ta farko: rabon Abuja

Duk wata ana zama a Abuja a raba abinda ya shigo asusun tarayya, kudin mai da na kwastan da harajin kamfanoni, shine ake ce ma zaman FAAC. Bayan an cire kashi 13 na arzikin kasa an ba jihohin da ake hako mai, sauran ana raba shi haka: tarayya kashi 52.68, jihohi kashi 26.72, kananan hukumomi 774 kuma su raba kashi 20.60. Harajin kayan masarufi wato VAT shi rabon shi daban ne, da can tarayya na daukan kashi 15 jihohi 50 kananan hukumomi 35, sabbin dokokin haraji da aka sa ma hannu a watan Yuni 2025 suka rage na tarayya zuwa 10 suka kara na jihohi zuwa 55.

Abinda zakayi anan mai sauki ne. Hukumar kididdiga ta kasa NBS tana fitar da rahoton wannan rabon, kuma ana jera kowacce karamar hukuma da sunanta da abinda ta samu. Ka sa data na dari biyu ka sauke takardan, ka gangara har Kaduna, ka nemo Zariya da Sabon Gari, ka rubuta adadin a littafi. Kayi haka wata shida a jere zakaga yadda bakinka zai canza a majalisa, maimakon "ana cinye mana kudi" zaka koma cewa wata kaza an turo kaza. Tun da aka cire tallafin mai a 29 ga Mayu 2023 adadin nairan da ake rabawa ya karu sosai, amma ka tuna siminti da rodi da gas suma sun tashi, kar kaga sifili da yawa ka dauka an yi arziki.

Sannan kar ka dauka duk abinda ka gani a takardan shine yake sauka a sakatariya. Tsarin mulki ya tanadi asusun hadin gwiwa na jiha da kananan hukumomi, shekara da shekaru ta nan kudin ke bi, kuma daga kason karamar hukuma ake biyan albashin malaman firamare da ma'aikatan kananan asibitoci da fansho, to kafin a zo kan kwalbati da kwata an riga an ci rabin tuwon ko fiye. A 11 ga Yuli 2024 kotun koli ta yanke hukunci cewa a dinga tura ma kananan hukumomi kudinsu kai tsaye. Hukunci daban aiwatarwa daban, shi yasa tambayan da ya kamata kayi ma kansilanku shine nawa ya rage bayan albashi, ba nawa aka turo ba.

Tukunya ta biyu: wanda ake tarawa a gida

Nan ne labarin yake, kuma nan ne ake gane babban birni na gaske. Duk garin da ya dogara da rabon Abuja kawai kamar magidanci ne da ke jiran yayansa ya turo masa na cefane, ranan da yayan ya shiga matsala gidan ya kwana da yunwa.

Mu Zage-zagi ba baki bane a harkan nan. Tun kafin Turawa akwai kudin galma da manomi ke biya, akwai kudin rafi na masu noman rani, akwai kudin karofi na masu rini, ga jangali na shanu. Da Turawa suka zo suka tattara aka koma haraji, mai unguwa ya tara ya kai ma dagaci, dagaci ya kai ma hakimi, a zuba a baitulmalin En'e, daga ciki ake biyan 'yan doka da alkalai da gyaran hanya da makarantun elemantare. Kawu yace mutane har gudun gari suke yi lokacin haraji saboda wulakancin da ake ma wanda bai biya ba, shi yasa da Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a 1979 talakawa suka yi murna ba kadan ba. Kuma sunada gaskiya. Amma wani abu ya tafi tare da harajin, wato wannan jin da mutum keyi cewa kudina ne, dole a min bayani. Kudin mai ya maye gurbi, shi kuma kowa gani yake kamar tsintuwa ce, ba wanda ke tambaya.

Yau ga inda jiha ke samun nata. Babba a ciki shine harajin albashi da ake yanka tun kafin alat ya shigo, kuma dokan shine jihar da kake zaune ita ke karba ba wanda ya dauke ka aiki ba, to malaman jami'ar ABU da likitocin asibitin koyarwa na Shika da ma'aikatan kwalejin jiragen sama duk da tarayya ke biyansu harajin albashinsu na Kaduna ne, sojoji da 'yan sanda ne ba jiha ke karban nasu ba. Kaga Zariya ba karamin kaso take zubawa ba tunda gari ne na makarantu. Sai harajin 'yan kasuwa masu zaman kansu, da rajistan mota da sabunta takardu da lasin tuki, da kudin fili wajen hukumar filaye KADGIS, da kudin izinin gini wajen hukumar tsara birane KASUPDA, da tara. Karamar hukuma kuma tsarin mulkin 1999 ya lissafa mata nata a jadawali na hudu: kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, bandakunan haya, lasin keke da amalanke da baro, shaguna da gidajen abinci da gidajen burodi, allunan talla, rajistan aure da haihuwa da mutuwa, sa ma tituna suna da gidaje lamba, da kimanta gidaje don karban kudin gida.

A 2016 jihar Kaduna ta yi dokan da ta hade harajin nan waje daya, ta ba hukumar haraji ta jiha wato KADIRS ikon karba, ta kuma haramta karban tsabar kudi a hannu. Kudin shigan jihar da a 2015 bai kai biliyan 15 ba, a 2020 ya wuce biliyan 50. Mutane basu kara arziki sau uku cikin shekara biyar ba, yawanci ramukan da kudin ke zurarewa aka toshe aka kuma jawo wadanda basa biya.

Yadda zaka biya ba tare da kayi sadaka irin tawa ba

Duk wanda ya zo maka da maganan haraji, ka gaishe shi da mutunci ka bashi kujera in akwai, sannan ka tambayi takardan kimantawa, wato wadda aka rubuta sunanka ko sunan shagonka da irin harajin da shekaran da ake nema da adadin. Baki da baki ba haraji bane. Ka tambayi katin shaidan aikinsa ka karanta sunan hukuman da kyau. In yace ka bashi a hannu zai kawo maka rasit gobe, kace masa "ranka ya dade bari in je banki da kaina, kar in daura maka wahala", magana ta kare ba fada ba zagi. In ya ciro fos yace ka saka kati, kalli sunan da zai fito kafin ka danna lambobinka, in sunan mutum ne ko sunan wani shago ka zare katinka. Haka tiransifa, asusun gwamnati baya zuwa da sunan Alhaji wane.

Hanyan da tafi kwanciyar hankali ita ce ka je ofishin KADIRS da kanka ko ka shiga shafinsu na PayKaduna a waya, ka yi rajista ka samu lamban mai biyan haraji, a fitar maka da takardan biya mai lamba, ka biya a banki ko ta wayan, ka karbi rasit mai wannan lamban. Rasit din nan ka dauki hotonsa nan take ka tura ma kanka a WhatsApp ko ka tura ma kaninka, domin irin takardan da injin ke fitarwa bayan wata uku a zafin Zariya fari fat take komawa kamar ba a taba rubutu ba. Ni yanzu har fotokwafi nake yi in sa a leda.

In adadin da aka rubuta maka yayi yawa kar ka tsaya cacan baki da wanda ya kawo takardan, shi dan aike ne. Doka ta baka dama ka rubuta korafi, kuma yawanci kwana 30 ne daga ranan da aka baka takardan, in ka bari ya wuce adadin ya zauna. Anan ne littafin ciniki ke ceton mutum. Dan kasuwan da baya rubuta abinda ya saya da abinda ya sayar, kimanta shi za'ayi da ido, a kalli cikan shagon a yanke, alhali rabin kayan na bashi ne daga Kano. Littafi mai dogon layi na dari biyar ya isheka, kullum da daddare ka rubuta shiga da fita. Haraji akan riba yake ba akan jari ba, amma sai ka iya nuna ribar.

Sabuwar dokan da ta fara aiki a Janairu 2026 tace wanda abinda yake samu a shekara bai wuce naira dubu 800 ba babu harajin samu a kansa, kuma mai zaman haya ana rage masa kashi 20 na kudin hayan daga abinda za'a yanka ma haraji, iyaka dubu 500. To in kana haya ka dinga karban rasit wajen mai gida, wannan kunyar ta "ai Baba ne ba sai ya rubuta ba" kai take cutarwa. Sannan ka nemi takardan shaidan biyan haraji mai nuna shekara uku, ranan da zaka nemi kwangila ko takardan fili zaka gode min.

Wani abu kuma, masu cewa su basu taba biyan haraji ba saboda basu da shago basu da albashi, malam kana biya. Duk katin da ka loda, duk datan da ka saya, akwai VAT kashi 7.5 a ciki tun Fabrairu 2020 da aka daga shi daga kashi 5. Danyen abinci da magani na cikin abubuwan da aka kebe. Mai keke napep da ke yankan tikiti kullum da safe a Kwangila ko PZ, in ka lissafa masa na shekara zakaga ya fi wasu masu babbar riga zuba kudi, sai dai tambayan itace nawa ne daga tikitin ke kaiwa asusun hukuma nawa ke tsayawa wajen kungiya, kuma su kansu direbobin ya kamata su fara tambaya a taronsu.

Wacce kofa zaka kwankwasa

Wannan yana cinye ma mutane lokaci fiye da komai. Shara da kwata na cikin unguwa da kananan tituna da kasuwa da makabarta, karamar hukuma ce a doka, duk da jiha na shigowa a manyan tituna. Firamare da karamin asibitin unguwa na karamar hukuma ne tare da hukumomin jiha da ke kula dasu. Sakandare da asibitin Gambo Sawaba da ruwan famfo da manyan titunan cikin gari irin su gadan saman Kofar Doka, jiha. ABU da asibitin koyarwa na Shika da hanyan Kano da na Funtuwa da 'yan sanda, tarayya. Wuta kuma ba haraji bane sam, tun 2013 aka fara sayar da bangaren rarrabawa, kamfani ne kake saye a wajensa kamar yadda kake sayen kati, in taransifoma ta lalace ofishinsu zaka fara zuwa ba gidan kansila ba.

Bashi, da dalilin da yasa famfo ba kyauta bane

Babu birnin da ke gina babban aiki da kudin wata daya. Dauki aikin ruwan Zariya da muka girma muna jin labarinsa: dam din Galma, matatan ruwa a Shika mai karfin lita miliyan 150 a rana, manyan tankuna, bututu. An hada da rancen Bankin Musulunci da Bankin Raya Afirka, kuma rancen waje da dala ake biya, ana cirewa daga kason jiha tun a Abuja kafin ya iso Kaduna. Da naira ta fadi a 2023 sai bashin ya kumbura a naira ba tare da an karo ko kwabo ba. Gwamna Uba Sani da bakinsa ya fada a 2024 cewa ya gaji bashin dala miliyan 587. To in kana duba kasafin kudi ka nemo layin biyan bashi, domin duk abinda ya tafi can bazai zo asibiti ba.

Ni ba na cikin masu cewa bashi duk sharri ne. In an ciwo an yi bututun da jikokinmu zasu sha ruwa, ba laifi suma su biya wani abu. Wanda yake ciwo shine a ciwo ayi abinda zai lalace kafin a gama biya. Kuma bayan ginawa akwai gudanarwa, alam da kilorin da wutan tura ruwa da albashin ma'aikata, wadannan daga bil din ruwa ya kamata su fito. Mutum yaki biyan bil saboda ruwa baya zuwa, hukuma ta kasa tura ruwa saboda ba'a biya, kowa na jiran dan uwansa ya fara. A tsakani 'yan ga-ruwa ke cin kasuwa, kuma ka zauna ka lissafa abinda gidanku ke kashewa a kura daya kullum sau talatin, zakaga ka dade kana biyan kudin ruwa mafi tsada a garin.

Abinda manyan birane suka rike wanda mu muka saki

Kasa da gini. Dan kasuwa zai iya boye ribarsa, ma'aikaci zai iya canza gari, amma bene baya guduwa. Birnin Niyok na Amurka babban abinda yake samu daga harajin gidaje ne. A Ingila gidaje an kasa su aji takwas bisa darajansu, kowane gida na biyan karamar hukumarsa duk shekara, da shi ake taimakawa wajen kwashe shara da kula da tsofaffi, kuma sun zo kan wannan tsarin ne a 1993 bayan sun gwada harajin kai irin namu na da jama'a suka yi bore a 1990. Landan ta kara da kudin shiga tsakiyan gari da mota a 2003, fam 5 a rana lokacin da aka fara, ana zuba kudin a harkan sufuri. Anan gida Legas ta hade kudaden fili da na gida zuwa haraji daya a 2001, da aka daga shi sosai a 2018 mutane suka yi ca dole aka sassauta. Kudin shigan Legas na 2023 ya wuce biliyan 800, Kaduna a wannan shekaran sittin da 'yan kai.

Nasan abinda zakace, Zariya ba Legas bace, babu tashan jiragen ruwa babu hedikwatan bankuna. Gaskiya ne. Kuma ba wanda zai yarda a je cikin birni a sa ma tsohuwa haraji akan gidan kasa na gado da mutum talatin ke ciki. Amma kalli Samaru da Palladan da Kongo, kalli gidajen hayan dalibai daki ashirin daki talatin, da filazozin da ke tashi a bakin titi. Filin da aka shimfida ma kwalta a gabansa darajansa na ninkawa ba tare da mai shi ya daga tsinke ba, kudin jama'a ne ya daga masa, to ina laifi wani dan kaso ya dawo a yi ma unguwan gaba titi. A ganina wannan yafi adalci akan bin mai tallan kosai da tikiti. In kana da fili ko gida mai takarda akwai kudin kasa na shekara a kanka, ka je KADGIS ka tambayi lissafinka tun bai taru ba, mutane da yawa sai ranan saidawa ko rabon gado suke cin karo da shi.

Yanzu bin sawun

Kasafin kudin jiha ana kai shi majalisa kafin karshen shekara, kuma ana sa shi a intanet a shafin hukumar kasafi da tsare-tsare. Takarda ce mai shafi daruruwa kar ta baka tsoro, ba karantawa zakayi duka ba. Ka bude a waya ka danna wajen nema ka rubuta Zaria ko sunan unguwarku ko sunan makarantan, zai dinga tsalle yana kai ka duk inda aka ambata. Kasafi kashi biyu ne, na gudanarwa wato albashi da fansho da man janareta, da na manyan ayyuka wato gini da titi da kayan aiki. Naka idon akan na biyun yake. Ka rubuta sunan aikin da adadin da ma'aikatar gwamnatin da aka daura ma.

Amma ganin aiki a kasafi ba yana nufin an saki kudi ba, kasafi niyya ce kawai. Duk wata uku ana fitar da rahoton abinda aka kashe a zahiri, nan zakaga an ware miliyan dari an saki goma ko ba'a saki komai ba. Akwai aikin da zaka gani shekara uku a jere yana dawowa kamar bakon damina. Bayan shekara ta kare kuma akwai rahoton babban mai binciken kudi na jiha da na kananan hukumomi, wanda kusan ba mai karantawa alhali nan ake fadin abinda ba'a fada a rediyo.

Shigar da bukata kuma tana da lokacinta. Kaduna tana da tsarin da unguwanni ke rubuta bukatunsu bisa fifiko a mika kafin a hada kasafi, ana kuma yin taron jin ra'ayin jama'a. In kuka bari sai Janairu kuka fara kuka an riga an rufe littafi, tun tsakiyan shekara ake shiri. Kuma kar ka tafi kai kadai. Ku samu mai unguwa da liman da shugaban matasa da wata uwa daga cikin matan unguwa, domin su suka san wahalan ruwa da asibiti fiye da mu, ku zabi abu daya tak. Takardan da ta lissafo bukatu goma sha biyu ba'a yin ko daya. Ku rubuta da Hausa in ita kuka fi iyawa, shafi daya: kwalbatin layin kaza ya karye, tsawonsa kaza, gidaje kaza ruwa ke shiga, ga hoto na ranan kaza. Ku kwafa uku, daya ma kansila, daya sakatariya, daya ma dan majalisan jiha na mazabarku, kuma duk inda kuka kai ku sa a buga muku tambarin karba da kwanan wata a kwafinku. In kuna son ganin takardun wata kwangila akwai dokan 'yancin samun bayanai ta 2011 da ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa, ku ambace ta a wasikan.

Mu a layinmu haka muka yi akan wani kwalbati. Zuwan farko aka ce oga baya nan, na biyu aka ce takardan ta bata, sai na ciro kwafinmu mai tambari na ajiye akan tebur, na kuma ajiye fotokwafin rasit na shaguna tara na layin na shekara biyu a gefensa. Magatakardan ya dade yana jujjuya su sannan ya dago yace "Malam ku zauna mana, a kawo musu kujera." Ba'a yi aikin a wannan shekaran ba, sai a ta gaba, kuma rabin abinda muka nema aka yi, daya bangaren har yanzu mu muke yashe shi da kanmu duk Asabar din farko na damina. Da na ba Kawu labari cewa yayi in kara kwafi, in ajiye daya a gidansa, wai bai yarda da durowan shagona ba.